Makonni Uku Ina Koya wa Baba Tuƙi

Litinin, 3 ga wata, biyar da rabi na yamma

Yau Manaja ya tara mu a gaban sito ya faɗi abin da kowa ya riga ya ji a bakin 'yan dako. Kamfani zai sayar da manyan motocinsa tara kafin wata ya ƙare. Ƙanana ashirin suna hanya, irin wadda nake tuƙawa, masu rufaffen baya. Duk direban babbar mota da yake son zama, sai ya yi gwajin tuƙin ƙarama ranar Asabar, 22 ga wata. Wanda ya ci ya ci gaba da aiki. Wanda bai ci ba, nan Manaja bai ƙarasa ba, ya dai gyara zaman gilashinsa.

Ya yi mana dogon bayani. Wai masu shaguna sun daina sayen kaya mota guda su jibge. Yanzu kowa katan biyar yake so, yau ɗin nan, a ƙofar shagonsa, kuma a waya zai kira. Ga tsadar dizal, ga dokar da ta hana manyan motoci shiga tsakiyar gari da rana. Ya ce kasuwa ta rabu biyu, ko tirela mai tafiyar gari zuwa gari, ko ƙarama mai shiga lungu. 'Yan tsakiya irin namu babu mai nemansu.

Baba yana can baya ya harɗe hannu. Shekararsa talatin da ɗaya a kamfanin nan, sha tara daga ciki a kan mota ɗaya, wadda 'yan dako suke kira Giwa. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya kawo ni nan lokacin da ake zuwa kallon mace a kan sitiyari. Da Manaja ya ce "'yan tsakiya", na ga Baba ya waiwaya ya kalli Giwa, kamar yana gudun kada ta ji.

A hanyar gida ya ce, "Uwata, wannan akwatin ashanar taki, ina mutum yake sa ƙafafunsa a ciki?" Na yi dariya. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta daɗe ba.

Manaja ya kira ni ofis bayan taro. Ba yau zan rubuta wannan ba.

Talata, 4 ga wata, bakwai saura na safe

Inna ta tashi da sauƙi, ta sha shayi rabin kofi. Ba mu gaya mata komai ba. Ta kalli Baba ta ce, "Malam, tun ɗazu takalmi ɗaya kake gogewa."

Alhamis, 6 ga wata, shida na yamma

Mun fara, bayan an tashi daga aiki, a filin gareji.

Allah Ya yafe mini, na sha dariya. Da Baba ya buɗe ƙofar ƙaramar sai ya miƙa hannu sama yana neman abin kamawa ya hau, motar kuwa iya ƙirjinsa take. Ya shiga ya buga kai. Ya zauna yana yi mini magana da ihu, don ya saba da ƙarar injin Giwa, ni kuma ga ni a gefensa kafaɗarmu tana gogar juna. Giya kuwa, fizgarta yake kamar sun yi faɗa jiya. Na ce, "Baba, a hankali, wannan ba ta gardama." Ya ce abin da ba ya gardama ai ba mota ba ce.

A miƙe babu mai kama shi. Ribas kuma, ya shigar da ita tsakanin katan biyu da na ajiye ba tare da ya waiwaya ba, sannan ya kalle ni yana jiran yabo. Na yaba, don ya cancanta.

Kwana ce matsalar. Babbar mota, in za ka sha kwana, sai ka buɗe tukuna, ka fita can ɗaya gefen, don tayoyin baya su samu wurin wucewa. Haka Baba ya yi da ƙaramata a ƙarshen sito. Ya fita har jikin katanga, ya dawo a hankali, idonsa a madubi.

Na ce, "Me kake jira?"

Ya ce, "Bayan mota."

"Ai ya wuce tun ɗazu, Baba."

Sau goma sha ɗaya muka yi, sau goma sha ɗaya ya buɗe. A fili abin dariya ne. A lungu kuwa, wanda ya buɗe haka ya shiga hannun masu tahowa ke nan.

Asabar, 8 ga wata, huɗu na yamma

To, bari in rubuta. Ni ce zan yi wa direbobin gwajin. Manaja ya ce na fi kowa daɗewa a kan ƙananan, ya miƙo mini takarda mai sunaye tara. Na shida shi ne wanda ya haife ni. Na ce a cire mini shi. Ya ce in ba zan iya ba zai kawo wani daga waje, in yi tunani.

Kwana biyar takardar tana cikin jakata a ninke. Yau na gaya wa Baba a tsakar gida yana gyaran ƙafar kujerar Inna. Bai ɗago ba. Ya ce, "Baƙo zai ga furfura ya ji kunya, ko ya ga furfura ya raina. Ke kuwa kwana za ki kalla. Ke za ki yi." Na ce in kuma ya buɗe fa? Ya ce, "Sai ki rubuta ya buɗe. Miƙo mini ƙusa."

Ina son mutumin nan. Wani lokaci har haushinsa nake ji saboda haka.

Lahadi, 9 ga wata, bayan la'asar

Kawu Dogo ya zo. Abokin Baba ne tun kafin a haife ni, shi ke tuƙa mota ta uku. Ya rantse ba zai zauna ɗiyar cikinsa ta gwada shi ba, ya ce kada in ji haushi. Na ce ban ji ba. Na ji.

Labarin dillali ya kawo. Wai duk filin dillalai ya cika da motoci irin namu, kowane kamfani sayarwa yake, masu saye kuwa sai masu yashi da tsakuwa. Akwai wani mai wurin fasa dutse da ya ga Giwa ya ƙyasa, kuma da direbanta yake sonta. Wurin tafiyar wuni guda ce daga nan. Gida sau ɗaya a wata, in ruwa bai ɓata hanya ba. Kawu ya riga ya amsa nasa.

Ya ce wa Baba, "Ka zo mu tafi da motocinmu, mu mutu da mutuncinmu. Kai da girmanka kana rabon katan ɗin sabulu ƙofa-ƙofa?"

Baba ya ce zai duba. Labulen ɗakin Inna ya motsa.

Shekarar Baba sittin da ɗaya. Kuma duk Laraba shi yake kai Inna asibiti, shi yake riƙe mata hannu a matakalar nan mai tsawo. Ni ba ta yarda in riƙe ta, wai sauri nake kamar an biyo ni. Da na kai wa Kawu shayi na mance sukari, kuma ban koma na ɗauko ba.

Talata, 11 ga wata, bakwai na yamma

Mun fita titi yau. Ba zan rubuta ba.

Laraba, 12 ga wata, bakwai na yamma

Ranar asibiti. Likita ya faɗi abin da ya faɗa, ya ƙara magani ɗaya, ya ce a dawo mako mai zuwa kada a fasa. Inna ta dawo tana yi wa ma'aikaciyar da ta auna ta tsiya, wai hannunta sanyi kamar ta fito daga firji.

Mai babur ɗin da Baba ya buge jiya a kwana bai karye ba. Gwiwa ce ta guje, wando ya yage, madubi ya fashe. Baba ya je gidansa da safe kafin asibiti, ya kai masa sabon madubi ya ɗaura da hannunsa. Mutumin ma haƙuri yake ba Baba. Ni dai har yanzu ina jin ƙarar.

Laifina ne. Na san bai shirya ba, na ga kwanaki suna tafiya, na ce mu fita.

Baba bai zo gareji da yamma ba.

Juma'a, 14 ga wata, shida da kwata na yamma

Bai zo jiya ba. Yau ya zo, amma Giwa ya nufa da bokiti da soso. Mota za a sayar, shi yana wanke mata ƙarƙashi. Na tsaya a kansa da makullin ƙaramar a hannuna, ya yi kamar bai gan ni ba.

Na ce saura kwana takwas. Ya ce ya sani. Na ce to a tashi. Ya ce, "Uwata, ban taɓa zubar da jinin kowa a titi ba sai shekaranjiya waccan. Gara in tafi inda babu kowa sai duwatsu."

Nan na faɗi wata magana. A gaban 'yan dako biyu na faɗe ta, da murya sama. Akwai sunan Inna a ciki, akwai kalmar gudu. Ya matse soson ya ci gaba da wanki.

Na dawo gida ni kaɗai. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai yau.

Asabar, 15 ga wata, da safe

Na gaishe shi, ya amsa. Shi ke nan.

Lahadi, 16 ga wata, sha ɗaya na safe

Inna ta sa na fito da ita tsakar gida ta sha iska. Muna zaune Baba ya fito daga ɗaki zai je famfo. Ta taɓa ni ta ce, "Kalli." Da ya zo wajen duro, sai ya buɗe, ya zagaye shi can nesa kamar yana jan wani abu a baya. Ta ce haka yake tun tana amarya, ko ƙofar ɗaki sai ya buɗe yake shiga. Muka yi ta dariya har tari ya kama ta.

Da tarin ya lafa ta ce, "Kun ɗauka ban sani ba? Kurma ce ni?" Ashe tun ranar Kawu Dogo ta haɗa komai. Har abin da na faɗa a gareji ya iso mata, ban san ta wace hanya ba. Ta ce in je in durƙusa in ba shi haƙuri, gaskiya ce na faɗa amma ba a bakina ya kamata ta fito ba.

Sannan ta ce, "Ke a ina kike zaunar da shi?" Na ce a kan sitiyari mana. Ta ce, "Shi ya sa. Maigidansa da ya koya masa, wata uku ya ajiye shi a bayan mota a kan kaya, bai bar shi ya taɓa sitiyari ba. Ya ce sai ya san inda taya take bi tukuna. Ya ba ni labarin nan ya fi sau ɗari, ke ba ki taɓa ji ba?"

Na ji mana. Duk lokacin da ya fara sai in tashi in ce zan duba tukunya.

Na je na durƙusa gaban Baba. Ya ce, "Tashi, ƙasa da datti." Ya ɗan ja kunnena kamar ina 'yar shekara bakwai. Inna ta ɗaga murya daga kujerarta, "Malam, in ka bi dutsen nan, ka nemo wanda zai riƙa ba ni haushi kullum kafin ka tafi."

Litinin, 17 ga wata, shida da rabi na yamma

Na ɗaure ƙofar gefe a buɗe da igiya, na ajiye masa katan ya zauna daidai kan tayar baya. Ni na tuƙa. Direban Giwa guda, da furfurarsa, zaune a wurin kaya ya leƙo da kai yana kallon ƙasa. 'Yan dako suka bar lodi suka fito. Ɗaya ya ce, "Baba, wane shago za a sauke ka?" Baba ya ce shagon ubansa.

Na zagaya sito sau ashirin. Tun ina jin yana amsa wa masu tsokana har ya yi shiru. Can ya buga bodi da hannu, na tsaya. Ya ce, "Ashe inda ta gaba ta taka, nan ta baya take takawa. Kamar akuya da ɗanta." Na ce kusan haka. Ya ce a ƙara.

Sai da duhu ya fara muka bari. Bai nemi sitiyari ba, ni ma ban ba shi ba.

Talata, 18 ga wata, da yamma

Bayan mota kuma. Ya zo da matashi daga gida, wai katan ba ta da tausayi.

Laraba, 19 ga wata, bakwai saura kwata na yamma

Asibiti da safe. Babu canji. Inna ta ce babu canji ma labari ne mai kyau, mu daina yin fuskar nan.

Sabbin motoci sun iso, ashirin reras, kujerunsu da leda. Wanda ya kawo su ya tsaya yana gaya wa Manaja wai nan da shekara biyar ko waɗannan za su yi wa wasu lunguna girma, masu ƙafa uku ne za su karɓe rabon kaya, wasu ma da batir. Baba ya ji, ya ce in an kai ga baro a sanar da shi da wuri ya fara koyo.

Kawu Dogo ya tafi jiya da motarsa. Ya bar saƙo cewa mai dutse zai zo ɗaukar Giwa ranar Litinin, kuma kujerar direba tana jiran Baba har safiyar ranar.

Na ba shi sitiyari. Kwana goma, bakwai daidai, uku ya buɗe. Duk wadda ya buɗe shi yake fara faɗa kafin in yi magana.

Juma'a, 21 ga wata, biyar na yamma

Tara cikin goma. Ɗayan nan ita ta tsaya mini a wuya.

In ya buɗe zan rubuta ya buɗe. In ya buɗe zan rubuta ya buɗe. Na faɗa wa kaina a mota, na faɗa a wajen wanke-wanke. Inna ta ce in daina magana ni kaɗai, mara lafiya ɗaya ya ishi gidan.

Asabar, 22 ga wata, uku na rana

Mutum biyar kafin Baba, Manaja ya cike gurbin Kawu da wani daga ƙasan takarda. Uku suka ci, biyu suka faɗi. Ɗaya daga cikin biyun ya sha ɗaukata a kafaɗa ina ƙarama. Ya ce ba komai, ya tafi bai kalle ni ba. Sai na zo kan suna na shida.

Baba ya zo da rigarsa ta fita, a goge. Ya sunkuya ya shiga, bai buga kai ba. Ya gyara madubi ya ce, "Ina kwana, Malama." Na ce, "Lafiya lau. Mu je."

Hanyar gwaji lungun bayan kasuwa ne, kwana uku, ga masu babur, ga masu tura kaya. Ta farko lafiya. Ta biyu lafiya, har ya ba wata mai tire a ka hanya. Ta uku ita ce matsattsiya, kuma ta yi kama da waccan ta ranar Talata. Muna dosarta na ga hannunsa ya fara zamewa ɗaya gefen. Na gani sarai. Ba ni da izinin magana, na dafe biro a kan takarda har ya huda ta.

Sai na ji ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, ban ji ko mene ne ba. Hannun ya dawo. Muka shige kwanar a hannunmu, wani mai babur ya wuce ta gefe ko kallonmu bai yi ba.

Da muka tsaya a gareji ya kashe mota ya zauna yana kallon gaba. Na rubuta, na sa hannu, sa hannun ya fito kamar na wata. Na ce, "Ka ci." Ya ce, "Da gaskiya, ko da 'yar gida?" Na juya masa takardar ya ga biyun da suka faɗi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in ba shi wayata ya kira Inna, tasa ba caji.

Litinin, 24 ga wata, shida na yamma

Mai dutse ya zo da hantsi da wani direban. Baba ya gaya masa ba zai je ba, ya gode. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya fitar da Giwa daga ƙofar gareji da kansa. Aka ba shi.

Kowa ya fito, har Manaja. Ya kama ƙarfe ya hau, ya tayar da ita, ya bar ta ta ɗan yi zafi. Ya taho a hankali. Daga ƙofar gareji zuwa titi kwana ce, ya sha ta dubban lokuta. Ina tsaye ina jiran ya buɗe.

Bai buɗe ba. Ya shiga kwanar a matse, tsaf, yadda na koya masa. Na buɗe baki, kafin murya ta fito bayan Giwa ya goga ginshiƙin ƙofa. Ƙara mai tsawo, siminti ya zubo, fenti ya kwaile kamar tsawon hannu.

Babu wanda ya yi dariya, har 'yan dako. Ya sauko ya zagaya baya. Tun da aka ba shi motar nan bai taɓa goga ta a jikin komai ba. Mai dutse ya ce kada ya damu, duwatsu za ta ɗauka, nan da mako ba za a gane wurin ba. Baba bai ji shi ba. Ya sa tafin hannunsa a kan wurin ya shafa, ya ce a hankali, "Yi haƙuri, tsohuwa. Na manta tsawonki."

Ya miƙa makulli. Ya wuce ya karɓi na sabuwar motarsa da takardar shaguna bakwai, ya tafi rabo, don jibi Laraba ce, ranar asibiti, kuma yana so ya saba da hanya kafin nan.

Ni na sa ya manta. Abin da na yi makonni uku ina roƙon Allah ke nan, kuma na samu. Na zagaya bayan sito inda babu kowa na yi kuka, sannan na wanke fuska na fita nawa rabon.